Gona Ɗaya, Suna Ɗaya

Litinin, 5 ga Maris 2007, bayan Azahar

Na sayi littafin nan don in riƙa rubuta umarnin kwamfuta da nake mantawa, ga shi tun shafin farko na fara da ƙorafi. Ba komai. Ko ba komai littafi ba zai ce mini "ki yi haƙuri, Saliha" ba, maganar da ta gama fita daga raina.

Yau Injiniya Abdulsamad ya zo daga Kano da farar shaddarsa, ya zauna a kujerata a ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani a nan Kura, ya yi mini bayanin aikin da zai cinye mini watan nan. Masu shirin gyaran kanal za su ba kowace gona katin ruwa. Gonar da ba ta da kati, ranar layinta ba za a buɗe mata ruwa ba. Kafin a buga katunan sai an ba su gonakin sashenmu kaf a tsare: lambar gona, sunan mai ita, yawan eka, abin da aka shuka, kowanne a gurbinsa, da waƙafi a tsakani.

Abin da muke da shi kuwa tarin fayiloli ne da aka yi shekaru ana bugawa daga takardun malaman gona, kowa yadda ya ga dama. Ni aka ɗauka aiki bara saboda difilomar kwamfuta, don haka ni zan mayar da wannan shirgin ya zama tebur, wato jadawali mai layi-layi.

Kwamfutar tamu, tun da cuta ta cinye Windows ɗinta, Injiniya ya sa mata Linux, kuma tsufa bai bar ta ta nuna ko hoto ɗaya ba. Baƙin allo ne da farin rubutu, sai ɗan abin nan mai ƙyafta ido yana jiran ka. Ya bar mini takardu a kan umarni uku, grep mai nemo kalma da sed mai gyara rubutu da awk mai jera shi, ya ce, "Ai easy ne, Malama Saliha. Layi biyu uku kin gama." Zai dawo ya karɓa bayan hutun Maulidi. Ko shayin da na sa aka sayo masa bai shanye ba.

Talata, 6 ga Maris, da hantsi

Mutum uku suka buga fayilolin nan. Ban san ko ɗaya ba, amma yanzu na san halin kowa. Na farko mai tsari ne, Allah ya yi masa albarka, yana raba komai da karkatacciyar sanda, alamar nan ta /. Na ce wa awk ta yanka a kan sandar ta jera da waƙafi, kafin in kurɓi ruwa ta gama. Na biyu da tazara yake rabawa, wani wuri kaɗan, wani wuri rabin layi, ina jin gwargwadon yadda ya tashi da safe. Na uku kuwa ba bayani yake bugawa ba, hira yake yi. Ga irin nasa:

204 gonar Mal. Musbahu ce wadda ke bayan kwalbati, eka ɗaya da ɗan wani abu, albasa ya sa amma ya ce zai canja

"Ɗan wani abu" nawa ne a lissafi? Ina son in ga mutumin nan ido da ido.

NEPA ta ɗauke ina tsakiyar aiki. Alhaji Dalhatu, shugaban ƙungiya, ya ce man janareta sai gobe, ya ƙara da in yi haƙuri.

Laraba, 7 ga Maris, bayan La'asar

Ina duba sunaye na ga wata kalma tana ta dawowa, sai na buga grep marigayi na danna. Allon ya yi ta gudu sama kamar an ɓalle ƙofar kanal. Ɗaruruwa ne. Na kira Injiniya.

"Injiniya, gonaki da yawa sunan mamata ne a kansu."

"To ki cire mana. Mamaci ba ya ban ruwa. One plot, one name, gona ɗaya suna ɗaya, kuma mai rai. Haka masu shirin suka ce."

"Ai 'ya'yan ne ke nomawa, ba su raba ba."

"Sai su zaɓi mutum ɗaya. Ki sa sed ta share kalmar marigayin nan duk inda take, sannan ki bi ki sa sunan mai rai. Ranar da na zo grep zan yi, in ta fito ko sau ɗaya fayil bai karɓu ba."

Ɗan birni ne, ba laifinsa ba ne, amma wallahi ya ba ni haushi. A nan idan uba ya rasu ya bar gona a bakin kanal, sau da yawa ba a rabawa. Eka ɗaya da rabi in ka yayyanka ta, wani ya samu bakin ruwa, wani ya samu can ƙarshe inda ruwa ke isa a gajiye, shi ke nan an daina gaisawa. Sai a bar ta da sunan marigayin a riƙa karɓa-karɓa, wannan ya yi rani, wancan ya yi damina, baɗi a juya. Ba mai tambayar ta wace ce, saboda kowa ya san tambayar ce ke kawo rigima. Yanzu ga ni an ba ni inji an ce in bi gida gida in yi tambayar.

Na sa layin sed ɗin a cikin jerin umarnina kamar yadda ya ce. Sannan na nemo lamba 117, duk da na san abin da zan gani.

117 / marigayi Mal. Maharazu / 1.5 / tumatir / Badamasi da Jaji ke karɓa-karɓa

Malam Maharazu kakana ne, ya rasu ina goye. Badamasi shi ne Baba. Jaji ƙaninsa ne, Baffana. Na goge sunan Kaka na bar gurbin a buɗe.

Alhamis, 8 ga Maris, da yamma

Mun je asibiti Kano da Baba. An ɗebi jini, an ce mu koma wani satin.

Asabar, 10 ga Maris, da safe

Baba da Baffa kwano ɗaya suke ci a zauren gidanmu tun kafin a haife ni. Jiya bayan Magariba da na kai musu tuwo, na durƙusa na gaya musu.

"Baba, a wajen aiki an ce kowace gona suna ɗaya za a sa, na mai rai. Har tamu ta bakin kanal."

Baba ko ɗagowa bai yi ba. "Sa Jaji."

Baffa ya mayar da lomar da ya yanko. "Haba Yaya, da babba a zaune a sa ƙarami? Saliha, sa sunan ubanki."

"Na ce ta sa kai."

"Ni kuma na ce ban yarda ba."

Dariya na yi. Wasu gidajen za a yi faɗa a kan kowa na son nasa sunan, mu namu tsofaffin kowa turawa yake. Na ce a raina zuwa gobe sun daidaita.

Baba bai ci wani abin kirki ba ya wanke hannu. Ya ce miyar ta yi yaji. Umma ba ta sa yaji ba.

Litinin, 12 ga Maris, bayan Azahar

Magana ta zaga gari cewa kwamfuta tana rabon gado a ofishin ƙungiya. Kafin in iso an cika barandar, har da mutanen Bunkure da gonakinsu ba sa cikin sashenmu, sun zo dai a yi a gabansu. Alhaji Dalhatu ya leƙo, ya ga taron, ya tuna yana da ɗaurin aure a Madobi. Ranar Litinin!

Wani dattijo, Malam Muhammadu Sani, su biyar ne a kan gonar ubansu, ya shigo ya zagaya bayan kwamfutar ya leƙa, ya dawo ya tsaya a kaina.

"'Yata, wannan abin alƙali ne?"

"A'a Baba, suna kawai yake karɓa."

"To ki ba shi biyar."

"Ɗaya yake ɗauka."

"Ashe bai kai buhu ba. Buhu ma yana ɗaukar abin da aka zuba masa."

Na yi ta bayani har muryata ta dushe cewa katin ruwa ne kawai, ba takardar mallaka ba. Ba wanda ya yarda, kuma in zan faɗi gaskiya ni ma ban yarda ba. A garin nan duk takardar da ta fito daga inji da sunan mutum da lambar gona, ranar rigima ita za a fito da ita daga ƙarƙashin katifa. Na ce kowane gida ya je ya zauna ya kawo mini suna.

Talata, 13 ga Maris, bayan La'asar

Da safe Baba ya kira ni ɗakinsa.

"Kin sa?"

"Ban sa ba, Baba. Baffa bai yarda ba."

"Ba yardarsa nake nema ba. Kin san halin yayanki."

Na sani. Yaya Lukmanu yana Legas wajen masu sauke tumatir, kuma duk zuwan da zai yi sai ya yi zancen dillalan da ke neman gona a bakin kanal.

Baba ya ce, "In sunana ne a kati, ranar da ba na nan Lukmanu zai ɗauka ya ce ta ubansa ce. Jaji yana da yara ƙanana. Ina zai kai su?"

Na ce, "Ina za ka, Baba, da za a ce ba ka nan?"

Ya ce in miƙo masa buta.

Da rana Baffa ya shigo duba shi, Baba ya sake tayar da maganar, wannan karon da faɗa. Ina tsakar gida ina jin su. Baba ya ce Baffa tun yana yaro ba ya jin magana. Baffa ya ce so ake a riƙa nuna shi a kasuwar Kura ana cewa ga wanda ya cinye gonar 'ya'yan ɗan'uwansa. Ya fito ko takalmi bai tsaya sawa ba, a hannu ya riƙe su.

Manyan mutane masu furfura, a kan gurbi ɗaya tsakanin waƙafi biyu. Raina ya ɓaci da su duka, da Injiniya, da wanda ya ƙirƙiro waƙafi.

Laraba, 14 ga Maris, bayan Magariba

Baffa bai zo cin abinci ba. Umma ta zuba na mutum biyu kamar kullum.

Alhamis, 15 ga Maris, da yamma

Kano. Likita ya ce Baba ya jira a waje, ni in tsaya. Ba zan rubuta ba.

A dawowa motocin 'yan siyasa suka tare hanya da kiɗa, direbanmu kuma ya tsaya a bakin titi yana cinikin kwanduna kamar ba mutane ya ɗauko ba. Na yi masa masifar da ta fi ƙarfin laifinsa. Baba ya ce in ƙyale bawan Allah.

Juma'a, 16 ga Maris, kafin a sauko masallaci

Na ce bari in yi dabara. Na haɗa sunaye biyu a gurbi ɗaya, Badamasi da Jaji, na tura wa Injiniya samfuri ya gwada a manhajar masu buga katin. Ta tofar da shi. Wai gurbin gajere ne, kuma in ta ga "da" a tsakiya sai ta tsaya.

Na sake wata. Na raba aikin gida biyu: fayil ɗaya na gonaki, ɗaya na manoma, lambar gona tana haɗa su, yadda gona ɗaya za ta iya ɗaukar mutum goma in ta ga dama, kowa da lokacinsa. Awk ta yi shi tsaf, har na ji daɗin kaina. Na kira Injiniya na karanta masa.

Ya ce, "Gaskiya haka ya kamata a yi tun farko."

"To a yi mana."

"Manhajar ba ni na rubuta ta ba, Malama Saliha. Daga waje aka kawo ta a kulle. Ko harafi ba zan iya canjawa ba. Ki yi haƙuri."

Da ya ce mini ban iya ba, da ya fi mini sauƙi. A ce maka kana da gaskiya sannan a ce ka je ka yi ba daidai ba, wannan ya fi ciwo.

Baffa bai zo ba jiya ma.

Lahadi, 18 ga Maris, da hantsi

Na bi Baffa gona. Ranin bana na Baba ne, tumatirin nasa ne, amma tun watan jiya Baffa ke ban ruwa, shi ke tsinka, shi ke kai kwanduna bakin titi, kuma ko da suka yi faɗa bai fasa ba. Na same shi cikin laka har gwiwa yana tare ruwa da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan.

"Baffa, ina kwana. Don Allah ka yarda in sa sunanka a huta. Kati ne kawai."

"In kati ne kawai, me ya hana ki sa nasa?"

"Ya ce saboda Yaya Lukmanu."

"Lukmanu ɗana ne, ni na kai shi makarantar allo. Ba shi ne zancen ba." Ya ci gaba da jan laka. "Saliha, mutum ba ya raba kayansa sai in shirin tafiya yake. In na karɓa, na yarda ke nan."

"Ka yarda da me?"

Ya ce in matsa ruwa zai jiƙa mini takalmi.

Su biyun nan hali ɗaya ne da su, da an zo wajen sai a aike ka buta ko a ce ka matsa. Ni ma dai ga shi ban fi su ba.

Ya cika mini leda da tumatir ya ce in kai wa Umma, kada in ce daga wajensa. Gona ɗaya ce a gidan, daga wajen wa zan ce?

Talata, 20 ga Maris, bayan Azahar

Innalillahi. Na share aikin da hannuna.

Ina sauri ne kafin man janareta ya ƙare, na ce wa sed ta karanta teburin ta gyara, ta zuba sakamakon a cikin fayil ɗin da take karantawa. Ashe injin sai ya fara wanke kwanon tas kafin ya duba abin da ke ciki. Na buɗe, wayam. Ko gargaɗi babu, ɗan abin nan yana ta ƙyafta mini ido ko a jikinsa.

Na fita bayan ofis na yi kuka, kukan da ya fi ƙarfin fayil. Na dawo na wanke fuska.

Allah ya taimake ni akwai kwafin ranar Juma'a a filashi. Abin da ya ɓata shi ne sunayen da aka kawo mini da baki jiya da yau. Dole na aika a sake kiran su, kuma ba shakka wasu sun kwana sun canja ra'ayi. Malam Muhammadu Sani jiya ya ce sun yi ƙuri'a ta faɗa kan autansu, yau ya ce ƙuri'ar ba ta yi ba, iska ta kaɗa karan.

Daga yau ba na taɓa teburin da hannu. Duk gyara a fayil na asali zan yi shi, sannan in danna umarni ɗaya, sed ta share, awk ta jera, tebur ya fito sabo. In ya lalace in sake dannawa. Na rubuta wannan a bango da alli.

Laraba, 21 ga Maris, bayan Asuba

Baba a ɗaki ya yi salla, a zaune.

Juma'a, 23 ga Maris, bayan La'asar

Na rubuta ɗan umarnin da ke fito mini da layukan da gurbin sunansu yake a buɗe. A makon jiya allo biyu suke cikawa. Yau da safe saura kaɗan. Wasu sun sa babban wa, wasu sun yi ƙuri'a, wani gida sun sa sunan ƙanwarsu da ke aure a Dawakin Kudu saboda ita kaɗai kowa ya yarda ba za ta ci amana ba. Gida biyu na san an daina magana, kuma ta bakina maganar ta shiga gidajen. Alhaji Dalhatu ya ce aikin yana tafiya yadda ake so.

Kafin in tashi na sake dannawa. Layi ɗaya ya fito.

117,,1.5,tumatir

Duk Kura an iya, sai gidanmu.

Baffa yana zuwa ƙofar gida da yamma ya tambayi Umma jikin Yaya daga zaure, ya juya. Baba yana jin muryarsa, ya ce mini, "Wa ke nan?" Na ce ka fi ni sani. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na fita kafin ya ga fuskata.

Lahadi, 25 ga Maris, bayan La'asar

Baffa ya shiga.

Ba wanda ya roƙe shi. Ya zo kamar kullum, ya tsaya a zaure, Baba ya yi tari mai tsawo daga ciki, sai kawai na ga ya cire takalmi ya wuce. Umma ta ja ni madafa.

Sun jima. Abin da na fara ji shi ne gardama a kan ruwa. Baba yana cewa Baffa yana cika wa tumatir ruwa yana ruɓewa, Baffa yana cewa ya zo ya yi da kansa in ya fi shi iyawa. Daga nan muryoyin suka yi ƙasa, ban ji ba, ban kuma matsa ba.

Umma ta dama kunu ta zuba a kwano ɗaya da ludayi biyu. Ya dawo da saura, amma ba da yawa ba.

Talata, 27 ga Maris

An kai Baba makwancinsa bayan Azahar.

Laraba, 28 ga Maris, da yamma

Mutane. Mutane. Kowa ki yi haƙuri, Saliha.

Yaya Lukmanu ya iso yau da safe, bai samu jana'iza ba. Ya yi kuka sosai, ba zan ce bai yi ba.

Juma'a, 30 ga Maris, bayan Azahar

An yi addu'ar uku. Injiniya ya zo gaisuwa tare da Alhaji Dalhatu, ya zauna a tabarma kusa da Baffa da farar shaddarsa, bai yi zancen aiki ba. Na ga kirkinsa.

Yaya Lukmanu kuwa ya same ni a madafa ya ce ya ji ana maganar wani kati, sunan wa aka sa? Na ce ba a sa ba tukuna. Ya ce ba wani abu ba, tambaya kawai ya yi. Na ce to ya sha ruwa.

Ga Baba ya ce in sa Baffa, kuma yanzu ba ya nan da zan koma in ce masa ya sake tunani. Ga Baffa. Kaina ya yi zafi, ban san wanda zan saɓa wa ba.

Laraba, 4 ga Afrilu, bayan Azahar

Jiya aka yi bakwai, yau na koma ofis saboda Injiniya zai zo karɓa. Akwai wuta, abin mamaki. Ina kunna kwamfutar na ji sallama, sai ga Baffa da fartanya a kafaɗa. Bai taɓa taka ofishin nan ba. Ya jingine ta a bakin ƙofa, ya zauna a benci yana kallon baƙin allon.

"Nan ne sunayen suke?"

"Nan ne, Baffa."

"Nuna mini tamu."

Na buɗe fayil na asali na nuna masa da yatsa. Ba ya karanta boko, amma ya gane gurbin da babu komai.

"Rubuta Yaya."

"Baffa, ka san abin da ya ce."

"Na sani. Ya sake gaya mini ranar Lahadin da na shiga wajensa. Na ce masa ban ji ba." Ya share fuska da hularsa. "Shekara da shekaru duk gardamar da muka yi shi ke cin ta, don shi ne babba. Wannan kam ya bar mini."

"Yaya Lukmanu fa?"

"Duk mai saye sai ya zo ya same ni a cikinta. Mu ga wanda zai auna gona ina tsaye a ciki. Rubuta, ki sa masa marigayi kamar yadda aka sa wa Malam. Haka ake yi."

Na ce Injiniya ba zai karɓa ba, ba a sa mamaci. Ya ce ni dai in rubuta, in Injiniyan ya zo shi zai yi masa bayani.

Na ɗora hannu. Makonni ina farautar kalmar nan ina goge ta daga gonakin mutane, yau ni ce nake buga ta a gaban sunan Baba. Sai da na yi kuskure na goge na sake. Na adana, na danna umarnin nan guda kamar yadda na saba, ban yi tunanin komai ba. Na manta da layin sed ɗin da na sa tun farkon wata. Ya yi aikinsa.

117,Badamasi Maharazu,1.5,tumatir

Na zauna ina kallo. Baffa ya ce me ya faru, ya lalace ne? Na ce injin ya cire marigayin, bari in gyara. Ya ce in karanta masa tukuna. Na karanta: ɗari da sha bakwai, Badamasi Maharazu, eka ɗaya da rabi, tumatir.

Ya ce, "To ina ƙaryar? Ranin nan nasa ne. Tumatirinsa ne a ciki. Bar shi."

Muna haka Injiniya ya yi sallama. Ya gaida Baffa har ƙasa, ya karɓi kujerata, ya buga grep marigayi. Ba abin da ya fito. Ya nemi gurbin da ba suna, babu. Sai ya bi teburin yana saukowa, na ga ya tsaya a 117. Ranar Juma'a yana kan tabarmarmu, ya san sunan da aka yi wa addu'a. Ya dubi allon, ya dubi Baffa, ni kuma na shirya masifata tsaf, na ce yau ko ni ko shi.

Ya sa filashi ya kwafa. Ya ce, "Fayil ya yi clean, Malama Saliha." Da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya tafi. Ya bar ni da masifar da ban samu inda zan sauke ta ba.

Baffa ya ce in sake karanta masa. Na sake. Ya miƙe ya ɗauki fartanyarsa, ya ce bari ya je, yau layin Yaya ne na ruwa.